Yadda Na Shanya Waken Hauwa'u

Ba zan taɓa mantawa da gwangwanin waken Hauwa'u ba, ko da tsufa zai kai ni inda zan riƙa neman hulata alhali tana kaina. Na sha kunya iri-iri a garin nan (har faɗowa na taɓa yi daga kan okada a Mokola, babbar riga ta rufe min fuska), amma wadda na sha a gaban 'yan aji huɗu ita ce uwarsu duka.

Bari in fara da tona wa kaina asiri. A Sabo, unguwar Hausawa a nan ƙasar Yarabawa, aka haife ni, a nan aka binne cibiyata. Boko aji biyu na yi na ce a kai kasuwa. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina sayar da wake a kasuwar Shasha kafin gwiwa ta zaunar da ni a gida. Ka rufe min ido ka zuba min wake a tafin hannu, zan gaya maka na bana ne ko na bara. Amma ko ƙwaya ɗaya ban taɓa shukawa ba. A buhu na san shi, a buhu muka rabu. Wannan bai hana ni ba, in ana hirar damina a ƙofar masallaci, muryata ta danne ta kowa da "mu manoma". (An dai ce kakan babana ya yi noma a Arewa. Shi nake ci har yau.)

Hauwa'u jikata ce, 'yar babban ɗana, shekararta tara. Yarinya ce da ba ta iya ƙarya ba, ban san wa ta gado ba. Malamarsu kuwa, Anti Basira, Bayarabiya ce, amma Hausa a bakinta ta fi tawa tsabta. Ita ta tayar da lambu a bayan ajinsu, cikin tsofaffin tayoyi da fasassun bokitai: ga alayyafo, ga ewedu, wato lalo, ga kuɓewa, kowane yaro da ranarsa ta ban ruwa. Tun daga nan aka daina zaman lafiya a gidanmu. Ba a zubar da ɓawon doya sai Hauwa'u ta ce taki ne.

Wata Litinin sai ga ta da kwali a ka, ta shigo a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ta ajiye a lungun zaure, kusa da kujerata.

Na ce, "Me aka samo mana?"

Ta ce, "Wake ne, Tsoho. Kuma kar ka taɓa."

Ta buɗe na leƙa. Gwangwanin tumatir ne cike da ƙasa, an huda gindinsa. Ta ce gwangwani uku Anti ta sa suka shuka rana ɗaya, kuma tunda da yamma 'yan Islamiyya ke amfani da ajin, an ba mutum uku su kai gida su kula. Ɗaya a ba shi ruwa da rana. Ɗaya rana kawai, ba ruwa. Nata kuma ruwa kawai, a rufe shi cikin duhu har mako biyu, ranar da iyaye za su zo a buɗe.

Na ce, "Wa aka ba mai ruwa da ranar?"

"Sadiya."

"Sadiya ta gidan Tanko?"

Tanko mai goro abokina ne tun muna yawo ba wando, kuma tun lokacin ba abin da ɗayanmu zai samu ɗayan ya yi barci. Wato waken jikar Tanko yana can yana shan iska kamar ɗan gwamna, na jikata an kulle shi a kurkuku ba laifin tsaye ba na zaune. Ta so ta yi min bayani, har ta ce wani abu wai gwaji, na ce na gane, na gane. Abin da na gane shi ne gasa za a yi, kuma an shirya a kayar da mu.

Kwana huɗu na daure. Kullum da safe Hauwa'u za ta buɗe kwalin ta ɗiga ruwa, ta auna da rula, ta rubuta a littafi, ta rufe da sauri. A rana ta biyar, bayan ta tafi makaranta, na ɗaga murfin. Wani ɗan abu na gani ya fito, fari fat, ya sunkuyar da kai kamar maraya. Wallahi tausayi ne ya fara kama ni. (Tanko ya biyo baya, amma tausayin ne ya riga shi.)

Na ɗauki gwangwanin na kai bayan gida, na ɗora a kan katanga inda rana ke faɗowa. Daga hantsi zuwa kiran azahar, sai in mayar da shi in rufe kamar ba a yi ba. Kashegari haka, jibi haka. Da na ga ya fara murmurewa, na tuna manoma suna maganar taki, na shiga akurkin kajin matata Hajiya na ɗebo ɗan abin da ya samu na tura ƙarƙashin ƙasar da yatsa.

Hajiya kuwa tana suyar awarar sayarwa a tsakar gida, duk shiga da fitata a kan idonta.

Ta ce, "Malam, yarinyar nan fa ta ce kar a taɓa."

Na ce, "Ke da awara kika sani. Wannan harkar manoma ce."

Ta juya awararta ta ce, "Allah ya ba da damina."

Wake kuwa ya karɓa. Ganye ya buɗe, kore shar, kara ya yi kauri. Ni ina murna, Hauwa'u tana ramewa. Sai in ga ta tsuguna gaban kwalin ta daɗe, ta toshe 'yan ɓulolinsa da takarda, har tsohon zanen kakarta ta lulluɓa masa. Ran nan ta ce min, "Tsoho, waken nan ba ya jin magana." Na ce albarka ce ta gidanmu. Da mai hankali ne ni, a nan zan tsaya in tambayi abin da ke damunta. Ni lissafina ya tafi kan fuskar da Tanko zai yi.

Ranar buɗewa na sa farar shaddata ta Juma'a, na fesa turare. Na ɗauko hayar keke mai ƙafa uku musamman saboda kwali, duk da makarantar ba ta fi tafiyar minti biyar ba. An jera benci a harabar, maza gaba, mata baya, yara a ƙasa kan tabarma. Na zauna a sahun farko, kafaɗa da kafaɗa da Tanko.

Aka fara zagayawa da mu lambu, yara suna bayani. Wata 'yar ficiciya ta tuge alayyafo ta nuna min saiwa, ta ce da nan yake shan ruwa. Na gyaɗa kai irin na wanda ya daɗe da sani.

Sannan aka ɗora gwangwanaye a tebur. Sadiya ta nuna nata, kore, ba laifi, amma na auna shi da ido na ga namu ya fi shi. Aka tafa. Sai wani yaro ya ɗaga nasa, wanda ba a ba ruwa ba. Ƙasa ce busasshiya, ko tsinke babu. Ya ce, "Ba ruwa, ba tsiro." Aka tafa masa fiye da na Sadiya, ubansa har yana miƙewa. Na ce a raina mutanen nan da sauƙin burgewa suke, bari su ga wake.

Anti Basira ta dafa kwalinmu ta ce, "Kafin mu buɗe, wa zai faɗa mana abin da za mu gani?"

Yara suka haɗa baki: "Dogo, siriri, rawaya."

Nan ne shaiɗan ya ɗaga min hannu. Na miƙe, na gyara riga, na ce, "Malama, a yi min afuwa. Mu manoma mun san iri. In iri na gidan albarka ne, ko a rijiya ka jefa shi sai ya yi ganye. A buɗe kawai."

Ta yi ɗan murmushi ta ce, "To, Baba." Ta buɗe, ta fito da gwangwanin.

Ga wake nan, kore, ya baza ganye kamar lema. Na fara tafi. Na yi tafi ya kai biyar kafin na lura ni kaɗai nake yi.

Wani yaro daga kan tabarma ya ce, "Anti, ta fito da shi rana." Wata ta ce, "Cuta ce." Sai surutu ya tashi, da Hausa da Yarabanci, kowa yana nuna Hauwa'u. Tana tsaye gefen tebur ta rungume littafinta.

Ta ce, "Wallahi ban fito da shi ba."

"Ƙarya ne," in ji wani.

A nan ne abin ya faɗo min gaba ɗaya. Ba gasa ba ce. So ake yara su gani da idonsu abin da rashin rana ke yi wa shuka, kuma aikin jikata shi ne ta kawo wake mara lafiya. Ni kuma na yi kwana tara ina jinyarsa. Yanzu ga yarinyar da ba ta taɓa ƙarya ba ana kiranta maƙaryaciya a gaban unguwa. Na koma na zauna a hankali, ina fatan bencin ya haɗiye ni.

Anti Basira ta tsawatar, ta karɓi littafin ta karanta a fili: "Rana ta bakwai. Ganye ya zama kore. Ban san dalili ba. Na ƙara rufe kwali." Ta dubi yaran ta ce, "Wanda ya yi cuta ba ya rubuta haka. Ta rubuta abin da ta gani, ko da bai yi mata daɗi ba. To in sakamako ya zo ba yadda muka zata ba, me muke yi?"

"Bincike," in ji su.

Ban taɓa tsanar wata kalma kamar wannan ba.

Ta sa tsinke ta tona ƙasar gwangwanin, ta sunsuna, ta yamutsa fuska. Ta zaro wani ɗan gashin kaza ta ɗaga sama. Ta ce, "Mun sa wannan ranar shuka?" Suka ce a'a. Ta ce, "Hauwa'u, in kin taho makaranta, wa ke zama kusa da kwalin?"

Hauwa'u juyowa kawai ta yi ta dube ni. Gara a ce ta yi magana.

Daga bencin mata na ji muryar Hajiya, a natse kamar tana tambayar a ƙara gishiri: "Malam, za ka faɗa ko in taya ka?"

Na sake miƙewa. Shaddar nan ta yi min nauyi kamar buhu. Na ce, "Jama'a, yarinya ba ta da laifi. Ni ne nake ɗan… shanya shi."

"Kake me, Baba?"

"Shanya shi. A katanga. Na ga kamar yana jin jiki."

Dariyar da aka yi, na tabbata an ji ta har can unguwar Ojoo. Tanko ya riƙe ciki yana share hawaye da hula, yana cewa, "Mu manoma. A rijiya ma sai ya yi ganye, abi?" Wani malamin unguwarmu da ba a taɓa ganin haƙoransa ba, ranar na ƙirga su.

Malamar nan kuwa ba ta bar ni na zauna ba. Ta ce, "Baba, tsaya, ka taimake mu. Daga yaushe zuwa yaushe kake fitar da shi?" Na ce hantsi zuwa azahar. "Kwana nawa?" Tara. "Takin fa?" Sau ɗaya, na rantse. Tana tambaya yara suna rubutawa, ni ina tsaye kamar ɓarawon akuya a gaban alƙali. A ƙarshe ta ce su gode wa Baba, don ya nuna musu rana ta 'yan sa'o'i ma tana sa ganye ya yi kore. Suka haɗa baki, "Mun gode, Baba." Na fi son a ce sun jefe ni.

Kwana uku Hauwa'u ba ta ce min ko ina kwana ba. Na sayo tsire, ta ba ƙannenta. A na huɗu ta zo ta dire sabon gwangwani a gabana da ƙwayar wake uku, ta ce Anti ta ce a sake, kuma ni zan shuka. Na tura su da yatsana, karo na farko a rayuwata. Aka sa a tsohon akwatin ƙarfe na Hajiya, aka datse da kwaɗo, makulli a wuyan Hauwa'u.

Bayan mako biyu ta kira ni ta buɗe. Ga shi nan kamar yadda yaran suka faɗa, dogo, siriri, rawaya, ya miƙe ya lanƙwashe yana laluben inda haske zai shigo. Na daɗe ina kallonsa. Shekara talatin ina auna abin nan da mudu, ban san yana neman wani abu ba.

Na ce, "To yanzu an gama? A fitar da shi ya sha rana?"

Ta ce, "Sai Anti ta gani." Ta mayar da kwaɗo.

Har yau in na bi ta ƙofar makarantar, yara na leƙowa ta taga suna cewa, "Baba, rana ta fito." Ina ɗaga musu hannu, me zan yi. A majalisa kuwa in an fara hirar damina, goro nake nema in cika bakina. Abin da na koya shi ne, in yaro ya ce maka kar ka taɓa, ka tambaye shi dalili, kuma ka bari ya kai ƙarshen maganarsa kafin ka ce ka gane. In kuma ka ƙi ji, to aƙalla ka duba takin da kyau, kaza ba ta rufa wa kowa asiri.