Hoton Alhaji a Jikin Duro

Idan ana lissafin mutanen da suka yi wa birnin Katsina hidima a shekarar da soja suka ce za su koma bariki, wajibi ne a fara da Alhaji Babaji, domin shi ma da kansa yake farawa. Mutum ne mai ilimi. Ya taɓa yin kwana uku cur a Kaduna wajen taron bita a kan kiyaye haɗarin sinadari a masana'antu, ya dawo da takardar shaida mai bakin zinariya da safar hannu ta roba, hagu da dama. Tun daga ranar ya daina amsa sunan Babaji mai rini. Uban Kimiyya ake ce masa, kuma shi ya raɗa wa kansa, don kada ya wahalar da jama'a.

Masana'antarsa tana kan hanyar Batagarawa. Rabi ana rina shadda, rabi ana haɗa takalma. Duk wanda ya shiga, warin gam zai yi masa maraba, sai tururin soda ya raka shi har ƙofar ofis. A nan takardar shaidar take rataye, safar hannun kuma tana gefenta cikin akwatin gilashi, an datse da kwaɗo. Baƙo ba ya fita sai an nuna masa.

"Ka ga wannan?" in ji Alhaji. "Ita ce bambancinmu da 'yan gargajiya. Mu nan komai sai da kariya."

Ma'aikata ashirin da biyu suna can baya suna tsoma hannu tsirara a ruwan rini. Babu shakka kariyar tana iso su ta cikin bango.

Babba a cikinsu shi ne Malam Sada, wanda ya koyi sana'ar a bakin karofi wajen mahaifinsa, lokacin da rini bai wuce baba da toka da haƙuri ba. Wancan rinin shuɗanta hannu kawai yake yi. Wannan na zamani cin hannun yake. Sada bai yi boko ba, amma akwai rubutu ɗaya da yake karantawa sarai: hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu da ke jikin kowane duro. Shekara tara baya, a wata marinar da ya yi aiki, ya kai ruwan soda gida a kwalbar lemo. 'Yarsa Ma'u tana da shekara huɗu. Ta ɗauka lemo ne ta sha, ta yi kwana shida ta cika. Ba ya ba da labarin. Sai dai tun daga nan, duk mazubin da aka juye, sai ya sa ƙusa ya huda gindinsa kafin ya bari ya fita.

Alhaji ya daɗe da hana wannan ɗabi'a, wadda ya kira ɓarnar dukiya. Shi ya sa duro sittin masu ruwan bula suka taru a bayan masana'anta, lafiyayyu, suna jiran ranar da za su yi wa ƙasa amfani.

Ranar ta zo da aka ɗage takunkumin siyasa. Alhaji ya wayi gari ya ji jama'ar unguwarsu ta cikin birni suna kiransa ya fito takarar kansila. Babu wanda ya ji kiran sai shi, amma dama manyan mutane sun fi sauran jama'a kaifin kunne. Abokin karawarsa a jam'iyya Malam Audu ne, tsohon malamin firamare, wanda duk abin da ya mallaka na yaƙin zaɓe bai wuce keke da doguwar gaisuwa ba. A wasu unguwannin 'yan takara suna raba sabulu da gishiri. Alhaji ya ga wannan ƙaramin tunani ne. Famfo sai ya yi mako bai kawo ruwa ba, kowace mace tana neman inda za ta tara. Shi kuwa ga duro sittin.

Sada ya same shi a ofis, ya durƙusa ya gaishe shi har gaisuwar ta ƙare.

"Alhaji, durokan nan soda ce a cikinsu, wasu kuma ruwan haɗa gam. Robar ta riga ta sha. Ko an wanke ba na ruwan sha ba ne."

"Sau nawa ka je Kaduna, Sada?"

"Ban taɓa zuwa ba."

"To ni kwana uku na yi. Za a wanke da sabulu sau biyu. Kimiyya ba ta wuce haka ba."

Sada ya ja shi waje, ya ɗora yatsansa da ya tsattsage a kan hoton ƙoƙon kan. Alhaji ya tsaya ya duba, kuma a nan ne ya nuna cewa shi shugaba ne mai karɓar shawara. Ya yarda lalle akwai matsala. Bai dace a ba mai ƙuri'a kyauta da hoton gawa a jiki ba. Nan take ya sa aka ɗauko hotunansa na takara, waɗanda ya ɗauka cikin babbar riga da hula zanna, yana murmushi haƙora waje. Aka shafa gam ɗin takalmi aka liƙa kowanne a daidai kan ƙoƙon. Ya rufe shi tsaf, kamar an auna.

"Ko dai in huda su, Alhaji, a raba don zuba shara?"

"Ka huda ni? In na ƙara jin maganar nan daga bakinka, ka nemi wata marinar."

Sada ya haura shekara hamsin da biyar, kuma karofin da ya sani duk sun zama kwata. Wata marinar babu ita.

Ranar rabo an kafa rumfa, an jera durokan sahu shida, fuska sittin suna yi wa jama'a murmushi iri ɗaya. Alhaji ya karɓi lasifika.

"Jama'a, mulkin soja ya bar ku da ƙishi. Ni na zo da ilimi. Daga yau duk matar da ta ɗebi ruwa za ta ganni. Duk yaron da ya sa moɗa zai ganni. Ina so in shiga kowane gida, in shiga cikin jinin kowa."

Aka yi tafi. Sada, wanda aka ba aikin ɗora durokan a kura, bai yi ba, saboda hannuwansa suna riƙe da duro. Ya bi kurar lungu-lungu, yana haddace ƙofar da kowanne ya shiga. A gida na goma sha ɗaya ya hangi wata yarinya ta rungumi duron tana leƙa ciki. Ya sauke kai ya ci gaba da turi.

Durokan sun shige inda namiji baƙo ba ya wuce zaure. In ya bi magidanta ɗaya bayan ɗaya, kafin la'asar maganar ta koma kunnen Alhaji. Sai ya nufi gidan ƙanwarsa Indo mai kitso, wadda babu kan macen unguwar da bai taɓa kwanciya a cinyarta ba. Ya tarar ita ma ta samu nata, ta wanke sau uku, tana sunsunawa tana yamutsa fuska.

Ya zauna ya yi mata bayani dalla-dalla: abin da aka zuba a ciki, yadda roba take riƙe shi, abin da yake yi wa maƙogwaron yaro. Da ya zo kan na ƙarshen sai ya taƙaita. Indo ita ta yi wa Ma'u wankan gawa, don haka ba ta ce ya ƙarasa ba.

"Yaya, karatun nan naka ya yi tsawo," in ji ta. "Wa zai riƙe soda da mi da mi? Hoton gawar ma an rufe. Mi za su duba su gane?"

"Hoton Alhaji."

"Yo to shi ke nan. Bar mani."

Abin da Sada ya faɗa shi ne, duron da ke da hoton Alhaji kada a zuba masa ruwan sha. Da maganar ta kwana ɗaya a wajen kitso, ta zama abin da ke da hoton Alhaji ba a sha. Ta bi ta gidan suna ta fito a matsayin hoton Alhaji ba a taɓawa. Kafin Juma'a ta gama tsayawa da ƙafarta: inda duk aka ga fuskar nan, a ja da baya, a riƙe yara. Magidanta suka ji daga bakin matansu a lokacin cin tuwo, lokacin da ba a gardama.

Aka fara mirgino durokan waje. Kowane gida ya ajiye nasa a bakin ƙofa, fuskar tana kallon titi don masu wucewa su kiyaye. Sada in ya taso aiki da la'asar sai ya bi da ƙusa da guduma a aljihu, ya tsuguna kamar mai gyara takalmi. Kwana tara ya yi kafin ya cike sittin. Na ƙarshen a gidan wani mai shayi ya same shi, an cika shi da ruwa, ba a kai ga ɗiba ba.

Alhaji ya zagaya unguwar a mota ya ga abin da ko gwamna bai samu ba. Fuskarsa a kowace ƙofa. Da ya sauko, mata suka tsallaka ɗaya gefen titi suna jan 'ya'yansu. Ya juya ya dubi direbansa Mamman.

"Ka san sunan wannan? Kwarjini. Ba a sayensa a kasuwa."

Mamman, wanda matarsa take kitso a wajen Indo, ya ce gaskiya ne, ya kuma ƙara matsawa jikin ƙofar mota.

Ana haka sai ga Malama Asabe, duba-garin yankin, ta zo ofis da jakarta. Shekara da shekaru tana kafa alluna masu rubutun gargaɗi, yara suna wasan jifa da su. Ta roƙi Alhaji ko akwai ragowar hotuna. Ya ba ta ɗari biyu, ya kuma ce a shaida, har ma'aikatan gwamnati sun bi. Cikin mako guda fuskar Uban Kimiyya ta bayyana a bakin tsohuwar rijiya, a jikin taransifoma, da kuma kan kwatar da ruwan rininsa yake bi ya fita. Ya ce wannan shi ake kira mamaye mazaɓa.

Zaɓen fid da gwani ƙato bayan ƙato aka ce za a yi, a filin makarantar firamare. Kowane ɗan takara za a ɗaga hotonsa a sanda, masu sonsa su yi layi a baya. Da safe Alhaji ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya ɗauko makulli ya buɗe akwatin gilashin.

"Sada, kai za ka riƙe mani hoto. Sa wannan. Ina so jama'a su ga kariya da idonsu."

Sada ya zura hannuwansa a ciki. Robar sabuwa ce, da ɗan sanyi a kan tsagar yatsunsa. Shekara shida yana wucewa ta gabanta.

Ya shiga fili da sandar a sama. Jama'a suka dubi hoton, suka dubi hannun da ke riƙe da shi. Daga cikin mata aka ji muryar Indo, ba da ƙarfi ba, amma ta kai ko'ina.

"Kun gani ko? Shi ma Yaya sai da safa yake taɓa shi."

Fili ya dare. Aka bar wa hoton da'ira mai faɗin masussuka, layin Malam Audu kuwa ya miƙe har ya fita ta ƙofar makaranta ya karya kwana. Mai ƙirga ya zo wajen Alhaji, ya tsaya daga ɗan nesa, ya nuna da biro. Ɗaya, biyu: Alhaji da Sada. Mamman ya tafi duba mota.

Alhaji bai karaya ba, domin mai ilimi ba ya rasa bayani. Ya ce kwarjinin ne ya yi yawa, talaka ya kasa matsowa. Ya ce a duk unguwar mutum ɗaya ne ya iya tsayawa kusa da shi, kuma ba zai manta da wannan biyayya ba. Ya tambayi Sada abin da yake so. Sada ya dubi hannuwansa ya ce a bar masa safar, in da hali kuma a ƙaro ashirin da ɗaya. Alhaji ya bar masa safar. Sauran ya ce sai an kafa kwamiti.

Bayan an rantsar da farar hula da 'yan watanni, Malama Asabe ta sake zuwa ofis. Damina ta wanke hotunan, tana neman wasu. Alhaji ya miƙe tsaye, ya gyara hula, ya leƙa ya tabbata ma'aikata suna ji.

"Wato har yanzu jama'a ba su manta da ni ba?"

"Ina fa, ranka ya daɗe," in ji ta. "Tun da muka liƙa ka, ko akuya ba ta ƙara faɗawa rijiyar nan ba."

Ya sa aka buga ɗari biyar.