Malamin Karent

Tun da mahaifiyarsa ta rasu, ɗana Habu sai ya yi wata a Kano bai neme ni ba. Ranar da ya kira, ina zaune ni kaɗai a Tiga ina ɗinkin komar kamun kifi. Ya ce zai yi jarrabawar neman aikin banki: lissafi, Turanci, da wani abu wai shi "karent afiyas".

Lissafi da Turanci ba ruwana, a aji huɗu na tsaya. Amma karent? Mu da kullum lo karent ke hana fankarmu juyawa? Na ce, "Taho gida, na samo maka malami."

Na hau babur har Bebeji na ɗauko Sabi'u mai gyaran wuta, na yanka zakara. Habu ya iso da littattafansa, ya tarar Sabi'u ya baje wayoyi da filaya a kan tabarma.

"Baba, wannan fa?"

"Malaminka ne. Zauna."

Ko dariya bai yi ba, abin da ya fi yi mini ciwo ke nan. Ya ce, "Baba, labaran duniya ne fa, irin na rediyo." Kafin la'asar ya bi motar Kano, wai karatu na jiransa. Sabi'u ya cinye zakaran, sannan ya kai labari kasuwa.

Har yau in na sauka bakin ruwa, sai masunta su ɗaga murya: "Injiniyan banki, yaushe za a kawo wuta?" Nakan ɗaga musu hannu, in tura jirgina can tsakiya inda ba kowa.