Ranar Da Zariya Ta Tsinke

Ko na tsufa na rikice, ba zan taɓa mantawa da wasan da na buga a Dutse a shekarun da aka fara shari'a ba. Lokacin ƙwallon tanis ce sana'ata, ina wakiltar jiha, ina kuma neman auren Hajara. Mahaifinta, Baffa, makiyayi ne daga Miga, kuma ya kasa gane yadda za a ce namiji baligi yana ci da iyali da bugun 'yar ƙwallo. Sai ya ce zai zo ya gani da idonsa.

Nan fa ido ya raina fata. Yaya zan tsaya gaban suruki da gajeren wando, cinyoyi a waje? Sai na ɗauko dogon wandon shaddata na sallah, mai zariya (wai ni mai kunya), na shiga fili da shi.

Wasa ya yi zafi, ina gaba da abokin karawata, wani dogon Bakano. Na hango Baffa yana gyaɗa kai, sai kaina ya kumbura. Na cilla ƙwallo sama, na yi tsalle don in nuna bajinta. Ina dira na ji tas! Zariya ta tsinke. Wando ya sulale har idon sawu, ya harɗe ni, na kifa a gaban raga.

Dariya ta ɓarke a fili. Har alƙalin wasa ya rufe baki da hula. Na tattare wandona na nufi ƙofa, na ƙudurta daga yau ni da tanis har abada, Hajara ma na haƙura.

Sai na ji an riƙe mini hannu. Baffa ne, yana miƙo mini igiyar da ya kwance daga sandarsa.

"Ɗaure ka koma, ɗana," in ji shi. "Tun daga Miga muka taso, ba mu ga ƙarshen wasa ba."

"Baffa, kunya..."

"Saniya ta taɓa shure ni cikin kwata a tsakiyar kasuwar Jahun. Na tashi na sayar da ita. Koma."

Na koma. Bakanon nan ya lallasa ni, amma na ƙarasa. A watan da ya biyo baya aka ɗaura mana aure.

Na yi shekaru ina buga wasa bayan nan, na sha kaye a garuruwa da dama, babu wanda ya hana ni barci. Wanda ya taɓa tashi daga ƙasa da wando a hannu gaban surukinsa, me kuma ya rage ya ji tsoro?