Jibo da Ƙishin A-kori-kura

Ku gyara zama ku ji. A ƙauyen Marke an yi wani mutum ana ce masa Jibo. Ba shi da mugunta ko ta ƙwayar gero, sai dai duk abin da ka faɗa masa haka zai ɗauke shi, ba ƙari ba ragi. Gida ɗaya yake da yayansa Mati da mahaifiyarsu Iya, wadda ta shekara shida ba ta gani saboda yanar ido. Dukiyarsu ɗaya ce, wata a-kori-kura da mahaifinsu ya bari, wadda ta girmi Jibo, kuma ita kaɗai ce motar ƙauyen. Lagiretonta ya ruɓe, an liƙe shi da sabulu har sabulun ya gaji. Ana nan sai aka yi shela cewa likitocin ido za su zo gari ranar Alhamis, da azahar kuma za su rufe ɗaukar suna. Tsakanin Marke da gari kuwa akwai dutse, hawansa ba na tsohuwa ba ne.

Wata rana Mati ya aiki Jibo gari ya karɓo sabon lagireto wurin Sidi bakanike. Sidi ya ce, "Jibo, abin nan ba ya son wahala. Kada ka ajiye shi a ƙasa." Jibo ya ɗora shi a ka, ya kamo hanya da ƙafa. La'asar ta riske shi a kan dutse, sai ya tsayar da wani mai tallar gwanjo ya ce, "Bawan Allah, riƙe mini wannan a sama in yi salla." Mutumin ya riƙe. Ashe Jibo mai dogon wuridi ne. Sai da hannuwan mai gwanjo suka yi rawa, yana cewa, "Malam, ka taƙaita!" Da Jibo ya iso gida, a kan gadonsa ya kwantar da lagireton, shi ya kwana a tabarma.

Wata rana Sidi ya zo a kan babur ya kwance tsohon lagireton. Ya zuba wa Jibo notina a hannu ya ce, "Ajiye su inda ba wanda zai taɓa." Da aka zo ɗaurawa aka ce ya kawo. Jibo ya nuna amyar zuma a saman kuka. "Suna ciki, Yaya. Ba wanda ya taɓa." Mati ne ya hau. Da ya sauko, leɓensa ya kai faifai, Sidi kuwa dariya ta hana shi riƙe sufana, aiki ya kwana.

Wata rana, ita ce Alhamis ɗin, Sidi ya gama ɗaure tiyo da hantsi, ya tayar da mota. Sai aka zo kiransa, injin niƙa ya tsaya a unguwar gabas. Ya hau babur yana cewa, "Jibo, yi ta zuba mata ruwa. Sai ta daina sha za ka rufe." Jibo ya zuba har baki. Mati ya shigar da Iya gaban mota ya ce, "Rufe mu tafi." Jibo ya leƙa, ya ga ruwan ya sauka kamar faɗin farce.

"Tana sha, Yaya."

"Ta ƙoshi! Ba ni murfin!"

Jibo ya jefa murfin cikin hularsa, ya kifa ta a ka, ya danne hular da hannu. Ya ƙara moɗa guda. Rana tana ta hawa, mutane suka taru, wasu na zagi wasu na roƙo. Mati ya ce, "Idon Iya fa, Jibo! Idon uwarka!" Hawaye na zuba a fuskar Jibo, amma bai ɗaga hannu daga hular ba. Iya dai tana zaune tana jan carbi.

Can sai wani gurnani ya taso daga cikin injin, kamar raƙumi zai miƙe. Motar ta girgiza, ta yi wata doguwar gyatsa, ruwan da ke baki ya ɓace ɗungurungum. Jibo ya juye bokiti, ta shanye. Ya ƙara rabi, sannan ruwan ya tsaya cak, har ana ganin sararin sama a cikinsa.

Daidai nan Sidi ya dawo. Da ya ji abin da ya faru sai ya dafe kai. "Subhanallahi! Iska ce ta maƙale a cikinta. Da kun tafi ɗazu, da injin ya ƙone a tsakiyar dutse, ba gaba ba baya." Jibo ya cire hula ya rufe lagireto.

Waɗanda suka gani sun ce tsohuwar motar ta haye dutsen nan ba tari ba hayaƙi, kamar ana janta daga sama, manoma na sakin fartanya suna binta da kallo. Ladan yana gyaran murya aka rubuta sunan Iya, shi ne na ƙarshe.

Bayan an yi wa Iya aiki, ranar da aka kwance mata ido, ta daɗe tana duban Jibo. Ta shafa gemunsa ta ce, "Auta, ashe har ka yi furfura?"

Jibo ya ce, "Ai ba wanda ya ce kada in yi, Iya."