Ƙwai a Kujerar Gimbiya

"Sannu, amaryata. Ya aiki? Ya masu kukan allura?"

Kaka ne ke gaisuwar ta tagar mota, ko inji bai kashe ba. Da jikarsa yake. Ma'aikaciyar jinya ce a ƙaramin asibitin unguwa, kuma duk ranar rigakafi, kafin a fara allura, takan tara iyaye mata a rumfar harabar ta yi musu bayanin yadda ake ɗaukar yara a mota. Yanzun nan ta gama gwada musu da 'yar tsana cewa yaro a baya yake zama, a kujerarsa, a ɗaure, ba a cinya ba. Mata sun kai talatin suna ta gyaɗa kai. Sai ga motar kakanta ta shigo, tsohon direban da ya yi shekara arba'in a kan titi kafin ya ajiye aiki. Shi ya ce zai kawo mata 'yarta a yi mata allura. Ga kuwa 'yar, mai shekara ɗaya da rabi, wadda suke kira Gimbiya, zaune tsakanin tumbinsa da sitiyari tana buga shi da hannu biyu.

'Yar tsanar ta suɓuce daga hannun jikar.

"Innalillahi! Kaka! Me nake gani haka?"

"Angonki kike gani, ya sha sabuwar hula. Rufe bakin kada ƙuda ya faɗa."

"Wa ke tuƙin, kai ko ita?"

"Mu biyu. Ni giya da birki, ita hon."

Wata mata daga cikin rumfar ta leƙo ta ce, "Malama, waccan ba 'yarki ba ce?" Sauran suka fara rufe baki da mayafi. Jikar ta buɗe ƙofa ta ɗauke Gimbiya ta saɓa a kafaɗa.

"Yau ka gama da ni, tsoho. Wata uku ina tsayuwa a nan ina yi wa mutane bayani har muryata ta dushe, ka zo ka rushe shi cikin minti ɗaya."

"Ni da na zo in ƙara miki ɗalibai? Dubi yadda suka natsu. Da ke kaɗai ce da rabinsu sun yi barci."

"Ina kujerar da na ɗaura maka a baya jiya da yamma, da hannuna?"

"Tana nan, tana aiki."

"Aikin me?"

Kaka ya shiga gyaran hula. Ta zagaya ta buɗe ƙofar baya. Ga kujerar nan daram inda ta ɗaura ta. A cikinta kuwa kiret ɗin ƙwai ne, an shimfiɗa masa tawul, an zura masa bel ta kafaɗa biyu, an ƙulle tsaf.

"La'ilaha illallahu! Jama'a ku zo ku gani! Ƙwai ya ɗaure!"

"Uwarki ce ta ce in sayo mata a hanya. Ƙwai fashewa yake yi. Duk bokon da kika yi ba a koya miki wannan ba?"

"Ita kuma yarinyar da ƙarfe aka ƙera ta?"

"Jinina ce. Mu kanmu tauri gare shi. Ke ma a cinyar nan kika girma, gari nawa na kai ki a haka? Ga ki nan, ba abin da ya same ki sai rashin kunya."

"Ashe shi ya sa lissafi ya riƙa ba ni wuya a makaranta. Kai ka girgiza mini ƙwaƙwalwa."

"Ina ƙwaƙwalwar take da za a girgiza? Da na ɗauke ki na ji kan fayau, kamar gwangwanin da aka shanye."

"Wai kai ka iya zura bel ɗin ma! Ni da nake cewa idonka ya mutu, ashe ga ƙwai yana gani."

"Lasisina ya girmi ubanki, yarinya. Shekara arba'in ko kaza ban taɓa takewa ba."

"Kazar ce take ganinka ta tsallaka a natse. Motar da mai keke ke wuce ta yana ɗaga maka hannu."

Matan rumfa suka fashe da dariya. Kaka ya buɗe baki zai rama, sai ya ga idon jikar ya tsaya a wajen giya. Ja ne a shimfiɗar ƙafa, ja a jikin rediyo, ja a gefen rigarsa har gwiwa. Ta ƙwalla ƙara, ta sauke Gimbiya a kan kujera ta shiga ɗaga mata riga, tana duba ciki, tana duba ƙafafu.

"Jini! Kaka, jinin wa? Jinin wa ne wannan?"

"Ke, ke, tsaya! Kankana ce! Wallahi kankana ce, ga ƙwallayenta nan!"

Ta sa yatsa ta taɓa, ta sunsuna. Kankana ce. Ɓawonta na nan a ƙarƙashin kujera, ya rabe gida uku.

"Me ya kawo kankana gaban mota a fashe?"

"A baya na ajiye ta, kusa da ƙwan."

"Na ce me ya kawo ta gaba?"

Kaka ya ɗan yi tari. "Wani mai babur ne ya fito daga lungu, wajen gidan mai, ko waiwaye bai yi ba. Na taka birki. Ba gudu nake ba, kin san motar. Sai na ji abu ya wuce ta gefen kunnena, fuu, ya daki rediyo."

"Ita fa?"

"Na riƙe ta. Da hannun nan na riƙe ta gam. Hon ne kawai ya yi ƙara."

"Wa ya danna hon ɗin, hannunka ɗaya na kanta ɗaya na sitiyari?"

Jikar ta ture hular Gimbiya baya a hankali. A saman girarta ta hagu akwai ɗan kumburi kamar ƙwallon dabino, ya fara yin duhu. Kaka ya fito daga motar da ƙyar, ya sunkuya ya duba, ya sake dubawa. Sai ya zauna a bakin ƙofar.

"Ban gani ba. Ta yi kuka kaɗan, na ɗauka hon ne ya firgita ta. Na ba ta biskit ta yi shiru."

Jikar ta haska idon yarinyar da 'yar fitilar aljihunta, ta shafa mata kai ko'ina, ta tambaye shi ko ta yi amai, ya ce a'a. Gimbiya ta kama fitilar tana neman sawa a baki.

"Da sauƙi, in sha Allahu. Amma sai likita ya gan ta kafin allura." Ta dube shi. "Kaka, wancan makon na auna ta, kilo goma. Kankanar nan ba ta kai rabin haka ba, ka ga inda ta je. Ka buɗe kiret ɗin ka duba."

Ya miƙa hannu ya kwance bel ɗin, ya bi ƙwan ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Ko tsagewa babu.

"Shekara arba'in," ya ce a hankali. "Yara nawa na ɗauka a cinya, nawa da na mutane. Ashe Allah ne kawai yake rufa mini asiri."

Wata tsohuwa daga cikin rumfar ta taso ta dubi ƙwan, ta dubi goshin yarinyar, ta ce, "Malama, sake nuna mana yadda ake ɗaurin nan. Ɗazu ban kula sosai ba."

"Ba ni zan nuna ba. Ga babban malami nan, ya ƙware a kan ƙwai." Jikar ta ɗauko 'yar tsanar ta kaɗe mata ƙasa ta dangwara masa a hannu. "Tashi, ango. Ɗalibanka na jira."

"Ni? Da furfurata in tsaya gaban mata ina goyon 'yar tsana?"

"Da furfurarka ka ɗaure ƙwai."

Haka ya tashi. Kafin jikar ta fito daga ɗakin likita da Gimbiya, an shafa mata magani an yi mata allurar, Kaka ya ɗaure 'yar tsanar nan ya kwance ya fi sau goma, matan sun kewaye motar. Har faɗa yake yi musu. "Ba haka ba, hajiya! Ja shi ya kama jiki! In kika iya tsunkule bel ɗin da yatsa biyu, bai ɗauru ba!"

"Iye! Wa ya koya maka wannan?"

"A takardar bayaninki na gani. Kin ɗauka ke kaɗai kika iya karatu?"

Da aka tashi, shi ya sa Gimbiya a kujerar da kansa, ya ja bel ya sake ja, ya sunkuya ya hura mata goshin. Sannan ya zaro makullin motar ya miƙa wa jikar.

"Ungo. Ke za ki mai da mu gida."

"Yau ni ce direba? Kai da ka ce ko baro ba za ka ba ni in tura ba?"

"Har yanzu ba zan ba ki baro ba. Baro ba shi da birki."

Ya buɗe ƙofar baya ya zauna kusa da yarinyar, ya lalubi bel ɗin wajen ya ja, ya ƙi fitowa. Ya ja da ƙarfi, ya maƙale. Ya yi tsaki, sannan dariya ta ƙwace masa har hularsa ta karkace.

"To me kike kallo, marar kunya? Na yarda, kin ci. Zo ki ɗaure mijinki, ni ma kan nawa ba na ƙarfe ba ne."