Ranar da Na Kashe Injin da Ke Cin Gwaji

Har gobe ba zan manta da ranar da odar kwamfuta ashirin ta kuɓuce mini ba. Ashirin cif, wata malamar jami'a, Dakta Ngozi, za ta saya wa ɗakin ɗalibanta a harabar jami'a da ke Naraguta, in har samfurina ya ci gwaji.

Na daɗe ina sayar da kwamfuta a kasuwar Dilimi, kuma ilimina ɗaya ne: ƙirga ƙwaƙwalen da ke cikin inji. Ranar gwajin na ajiye kwamfutata kusa da tsohuwar tata, na dubi ɗalibai na ce, "Tawa takwas, ta Dakta huɗu. Ko a kasuwar tumatir takwas ta fi huɗu."

Aka ba su aiki iri ɗaya. Tata ta gama, tawa tana nishi.

"Alhaji," in ji Dakta, "ka ɗauka masu tuyar masa takwas ne, amma kwanon ƙullun gabansu ƙarami. Kowace sai ta tashi ta ɗebo a ɗaki, wata kuma tana jiran wata. Haka ma'ajiyar da ke manne da ƙwaƙwalen injinka take. Aikinmu a nan shi ne tsara wa zai yi me, kuma yaushe. Bari in sake tsarin, zai iya."

Na gyaɗa kai (masar kaɗai na gane).

Ta sake tsari, ta kunna, ta fita amsa waya. Allo ya tsaya cak. Minti biyu, minti uku. A shago, in inji ya sandare gaban kwastoma magani ɗaya ne, kuma hannuna ya riga kaina saninsa. Na matsa a hankali, na kare da hannun babbar riga, na danne maɓallin kashewa.

Wata ɗaliba ta ce, "Oga, aiki yake yi fa. Ga lamba tana tafiya a ƙasa, saura kaɗan ya doke na Dakta."

Dakta ta dawo. "Wa ya kashe?"

"Wuta aka ɗauke," na ce. Fanka na juyawa a saman kaina, injin kuma mai batir ne.

Da dariya ta lafa, ta ce, "Injin zan iya tsara shi. Mai shi ne ban san yadda zan yi da shi ba."

Yanzu in inji ya yi shiru, aljihu nake sa hannuna har ya gama tunaninsa. Samfurin kaɗai ta saya. Cinikin ɗaya ya shigo hannuna, sha tara suka tafi wurin wani dillali.