Sahur Kafin Gwajin Suga

Da likita ya ce sugan jinina ya fara hawa, ban yarda ba. Ni da nake nome gonata a Gagarawa da hannuna? Ya tura ni Gumel in yi gwajin da ake shan ruwan suga, ya ce in je da azumi.

Azumi kuwa ba mai koya mini shi. Kafin asuba na sa mai ɗakina ta dama mini fura, na bi da dabino da shayi mai kauri, na ɗaura niyya.

A ɗakin gwaji wata ma'aikaciya ta ɗebi jinina, ta miƙo mini kofin ruwa mai zaƙi kamar zuma. Nan zargina ya ƙaru. Mai azumi, mai gudun suga, shi za a ɗura wa suga? Na shanye ina hararar ta. Da sakamako ya fito ya yi sama sosai, sai na miƙe a gaban jama'a.

"'Yata, ko kin musanya jinina, ko na'urarku ƙarya take yi!"

"Baba, yaushe rabonka da abinci?"

"Tun sahur!"

"Sahur kuma? Ai azumin asibiti tun dare ake barin ci."

Wani tsoho a kan benci ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ashe har da ɗan garinmu a layin.

Har yau in na zo wucewa ta majalisa, sai wani ya ɗaga murya: "Alhaji, an sha ruwa, ko sai sakamako ya fito?"